Ranar da Na Ga Faɗuwata a Jikin Ƙawata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe numfashina har na ga safiyar yau. Baba Pasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, matasa, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Yabo ga Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, amma an fi kirana Maman Godiya. Maigidana Bitrus, ga shi can a layin maza, mutumin Sahuda ne, keke yake tuƙawa a cikin gari. Ni kuma kunun gyaɗa nake sayarwa da safe a Sabon Layi. Na daɗe ina so in tsaya a nan, ƙafata tana ƙi. Yau ta yarda. In kun ga na yi shiru a tsakiyar magana, ku yi haƙuri da ni.

Ina da farfaɗiya.

Kun ji na kira sunanta da bakina. Shekaru na yi ban iya furta kalmar nan ba, sai dai in ce "ciwon nan." Amma ba don ciwon kaɗai na tashi ba da shaida ba. Akwai abin da ya fi ciwon kusa kai ni kabari, shi ne dariyar mutane.

Ba da ita aka haife ni ba. Shekarar da muka gudu muka bar garin nan saboda 'yan bindiga, duk wanda yake Mubi a lokacin ya san abin da nake nufi, muna ɓoye a kan dutse zazzaɓi mai zafi ya kama ni har na daina gane mutane. Allah ya tashe ni. Bayan mun dawo gida hankali ya fara kwanciya, wata rana ina shara a tsakar gida, sai kawai na farka na gan ni a ƙasa, na tauna harshena, Bitrus yana durƙushe a kaina yana kiran sunana. A asibiti likita ya ce zazzaɓin nan ne ya taɓa ƙwaƙwalwata. Ya rubuta mini ƙwaya, ya ce in sha kullum kada in tsallake, kuma kada in zauna ni kaɗai kusa da wuta ko ruwa mai zurfi.

Muka rufe maganar a cikin ɗaki, ni da maigidana. Kun san yadda ake kallon mai farfaɗiya a wurinmu. Wasu su ce aljani ne, wasu su ce la'ana ce daga kakanni, wasu su ce in yawunsa ya taɓa ka, kai ma ka kamu. Ni kuwa abin sha nake sayarwa. Don haka muka yi shiru.

Mutum ɗaya na gaya wa a waje. Kwanye.

Kwanye 'yar Michika ce, aure ya kawo ta Mubi a shekarar da aka kawo ni. Benci ɗaya muke zama a zumuntar mata, ita tana buga tulu, ni ina ba da waƙa. Lokacin da nake kwance a kan dutse ban san inda kaina yake ba, ita ta goya 'yata Godiya, ita ta tauna mata gyaɗa ta sa mata a baki. Ba ƙawa ba ce kawai, 'yar'uwa ce da Allah ya ba ni a ƙasar aure.

Allah kuma ya ba ta baiwar ban dariya. Ba wanda ba ta iya kwaikwayonsa. Yadda Baba Pasto yake gyara murya kafin wa'azi, yadda mai sanarwa yake neman tabarau alhali yana kan goshinsa, duk ta iya. In ta fara, sai mun riƙe ciki. Ni ma ina cikin masu dariyar, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa tambayar kaina yadda wanda ake kwaikwayo zai ji ba, tunda ba ni ba ce.

Ranar da na gaya mata ciwona, ta kama hannuna ta ce, "Maman Godiya, wannan magana ta mutu a nan. Ni da ke sai kabari."

Muka yi shekaru a haka. Ina shan magani, in abin zai zo ya same ni a gida. Da asuba nake dama kunu Bitrus yana kusa, in zuba a kula, ya kai ni Sabon Layi a kekensa kafin ya fara aiki.

Sai wata safiya ta zo.

Layi ya cika, ina zuba wa wani kunu a kofi, sai na ji warin nan da nake ji in abin zai zo, kamar ana ƙona roba. Na ce bari in ajiye ludayi in zauna. Ban kai ga zama ba.

Da na farka, rana tana dukan fuskata. Kula ta kife, kunu ya ƙona mini ƙafa. Mutane sun yi da'ira, amma daga nesa, kamar an ce maciji ne a tsakiya. Na ji zanena a jiƙe, na gane na yi fitsari a gaban jama'a. 'Yan'uwa, da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Mutum ɗaya ne ya matso. Malam Garba, tela ne, shagonsa yana bayan inda nake zama. Musulmi ne, iyayensa daga Katsina suka zo. Ya ɗauko yadin wani da aka kawo masa ɗinki, sabo fil, ya lulluɓe ni da shi, ya juya ya ce wa mutane, "Kallon me kuke yi? Ba ku da uwaye a gida? Wani ya kira mini mijinta!"

Allah ya sāka wa bawan Allahn nan. Bayan na warke na koma sana'a, shi ne yake fara zuwa kullum, ya miƙo kofi, ya tsaya a bakin titi ya shanye a gaban kowa, ya ce, "Maman Godiya, ƙaro mini."

Amma masu saye sun ragu. Wasu da suka shekara suna shan kununa suka koma tsallaken titi. Samari masu keke suka sa mini suna, Mai Jijjiga. In sun ga Bitrus a tasha sai wani ya ce, "Oga, yau wayarka ba ta yi jijjiga ba?" Sau ɗaya ya kusa dukan wani. Na roƙe shi na ce ya bar su, ba su san ni ba. Na ce a raina, duniya ce, duniya kuwa ba ta da tausayi. Ina da ikilisiya. Ina da zumunta. In na shiga gidan Ubangiji zan ajiye kayana in huta.

Haka na ɗauka.

Akwai auren da aka yi a nan, na ɗiyar ɗaya daga cikin dattawanmu. Ana gobe biki mata suka taru a bayan majami'a, can wajen murhu, ana aikin abinci. Ni na makara, don na tsaya niƙan gyaɗar da aka ce in kawo. Ina zuwa da roba a kai, tun daga bakin ƙofa na ji dariya tana tashi. Na yi murmushi, na ce lallai Kwanye ta fara. Har na ƙara sauri don kada a gama ban gani ba.

Da na kai ƙarshen katanga, sai na tsaya.

Kwanye tana kwance a ƙasa. Ta shafa kumfar sabulun wanke-wanke a bakinta. Ta juya idanunta sama sai fari, ta ƙanƙame hannuwa, ƙafafunta suna dukan ƙasa, tana wani irin gurnani. Ludayi yana hannunta. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ruwa, ta tsiyaya a zanenta, ta buɗe ido ɗaya ta ce da muryata, muryata sak, "A ƙara sukari ne?"

Mata suka fashe. Wata tana share hawaye. Wata tana cewa, "Kai Kwanye, ki ji tsoron Allah," amma tana faɗa tana dariya har tana dukan cinya.

'Yan'uwa, ku gane wani abu. Mai farfaɗiya ba ya ganin faɗuwarsa. Ni dai in ji wari, sai in farka. Abin da ke faruwa a tsakani ban taɓa sani ba. Na sha tambayar Bitrus, sai ya ce, "Ba komai, kamar barci ne kike yi." Ashe rufa mini asiri yake yi. Ranar nan na fara ganin faɗuwata, a jikin ƙawata na gan ta, a bayan ɗakin Ubangiji, mata masu ɗaurin zumunta suna tafi.

Na ce, ashe haka nake? Ashe abin da mijina yake gani ke nan? Abin da 'yata take gani ke nan?

Ban yi ihu ba. Na sauke robar gyaɗa a hankali a gindin katanga. Wata ta juyo ta gan ni, dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Kwanye ce ta ƙarshen ganina, kumfa tana bakinta. Na juya na tafi. Ta biyo ni tana kira, "Maman Godiya! Ke, wasa ne fa!" Ban waiwaya ba.

Daga ranar ban sāke taka ƙofar nan ba, har damina ta zo ta kusa wucewa.

Na daina zuwa Sabon Layi. Na daina zuwa kasuwa. In an yi sallama in shige ɗaki. Mama Pasto ta zo, na ce wa Bitrus ya ce ina barci. Kwanye ta aiko, ta sāke aikowa, har ta zo da kanta ta tsaya a ƙofar gida, ban fito ba.

Abin da ya fi muni, dariya ta zama mini abokiyar gāba. In na ji maƙwabta suna dariya ta bayan katanga, ni ake yi wa. In mutum biyu sun wuce suna hira, ni ce. Wata rana Godiya tana wasa a tsakar gida, wani abu ya ba ta dariya, ban ma san mene ne ba. Na fito na kwaɗa mata mari. Yarinyar ta riƙe kumatu tana kallona, ta ce, "Mama, me na yi?" Na juya na koma ɗaki. Gidanmu ya koma kamar gidan makoki, kowa yana tafiya a hankali saboda ni.

Addu'a kuwa ina yi, amma wace irin addu'a? Sai in durƙusa in ce, "Ya Allah, ka ɗora wa Kwanye abin da ka ɗora mini. Ka kayar da ita a tsakiyar kasuwa." Da bakin da nake ba da waƙa a gaban ikilisiya nake faɗin haka. Ubangiji ya gafarta mini.

Daga baya na daina shan maganin ma. In Bitrus ya ba ni, in riƙe a baki, in ya juya in tofar. Na ce amfanin me? Ƙwaya za ta hana ni faɗuwa, amma ba za ta goge abin da mutane suka gani ba. Faɗuwa ta ƙaru. Bitrus ya rasa yadda zai yi, ga aiki, ga tsoron barina ni kaɗai. Sai ya kwashe mu ni da Godiya ya kai mu Sahuda wurin mahaifiyarsa, ya ce ko canjin wuri zai taimaka.

Surukata, Dada muke ce mata, tsohuwa ce mai ƙarfin hali. Ba ta da yawan magana, Hausarta kuma irin ta tsofaffinmu ce, "kai" take ce wa kowa, mace da namiji. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ba ni fartanya, muka riƙa zuwa gonar gyaɗa tare.

Wata rana a cikin watan Agusta an kwana ana ruwa. Tun da safe na ji jikina ba daidai ba, kaina ya yi nauyi, na san yau abin zai zo. Ban gaya wa kowa ba. Da rana ta yi, Dada ta ɗan kishingiɗa, sai na tattara 'yan tsummoki a kwano na ce zan je wanki a mayo, wato kogi.

Ina so in faɗi gaskiya a gaban Allah da gabanku. Ban ce a raina zan kashe kaina ba. Shaiɗan ya fi haka wayo. Cewa ya yi, "Ke dai je ki tsaya a cikin ruwa. In abin ya zo, ai ba ke kika yi ba, ciwo ne. Bitrus ya huta da gori, Godiya ta huta da mari." Na kuwa ji maganar ta yi mini daɗi.

Mayo ya cika, ruwan ja wur, yana gudu da karare da rassan itace. Ba kowa a wurin. Na ajiye kwano a kan yashi, na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, yana jan zanena. Na tsaya ina jira.

Sai na ce bari in yi wa Allah magana ta ƙarshe. Ba roƙo ba ne, ƙara ce na kai. Na ce, "Kai kana sama a zaune, mala'iku suna yi maka sujada. Me ka sani game da kunya? An taɓa yi maka dariya? Ka taɓa kwanciya a ƙasa mutane suna nuna ka da baki?"

Ina rufe baki, wani abu ya faɗo mini a rai, abin da ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya a watannin nan.

Kun san wasan da matasanmu suke yi mana kowace Ista, na shan wahalar Ubangiji. Kun san wurin da sojoji suke kama shi su yafa masa jan mayafi, su ɗora masa rawanin ƙaya, su ɗaure masa ido, wannan ya mare shi, wancan ya durƙusa yana yi masa gaisuwar sarki ta ƙarya. Yaran da ke yin sojojin nan sukan zaɓo masu ban dariya, su yi tafiyar gwale-gwale, su yi ta zare ido. Mu kuma me muke yi a kan benci? Dariya! Kowace shekara ikilisiya takan fashe da dariya a daidai wurin nan. Ni ma na yi, har da tafi.

A cikin ruwan nan na ga abin kamar yau ake yinsa, amma ba daga kan benci ba. Na gan shi daga inda Yesu yake tsaye. Ido a ɗaure, yawun wani yana gangarowa a fuskarsa, yana jin muryoyin mutanen da ya zo dominsu suna ƙyalƙyala dariya. Sun kwaikwayi sarautarsa kamar yadda aka kwaikwayi faɗuwata. Abokinsa na kusa kuma, wanda ya yi rantsuwa cewa har mutuwa yana tare da shi, yana can waje yana cewa bai san shi ba.

Na ce, "Yesu! Ashe kai ma?"

Ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma na san ba ni kaɗai ba ce a cikin ruwan nan. Na san wanda nake yi wa ƙara ya riga ni shan abin da nake sha, bai kuwa zama abin banza ba don an yi masa dariya. Yana nan Ɗan Allah, da yawun da komai. To in dariyarsu ba ta rage shi ba, yaya ta Kwanye za ta rage ni?

Nan take na ji ina son rai. Ina son in ga Godiya ta girma. A daidai lokacin kuma warin robar nan ya bugi hancina.

Wayyo, 'yan'uwa! Na juya, ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, ruwa yana ja, gaɓa tana nesa. Na ƙwala ihu, "Yesu, fitar da ni! Ba na so in mutu! Fitar da ni!" Na tuna na kama wata ciyawa. Na tuna gwiwata ta taɓa yashi. Daga nan ban san komai ba.

Da na buɗe ido, kaina yana kan cinyar Dada. Ƙafafuna suna cikin ruwa har yanzu, amma daga ƙugu zuwa sama ina kan tudu. Da abin ya zo mini taku kaɗan a baya, da yau ba ni ce a gabanku ba.

Halleluya! Ku taya ni ɗaga sunan Yesu!

Dada tana share mini kumfar baki da tafin hannunta, hannu tsirara, ba ƙyalle. Na ce, "Dada, kada ki taɓa, mutane suna cewa..."

Ta buɗe hannun ta nuna mini. Ta ce, "Ga shi. Me ya same ni? Kai ɗana ne. Yawun ɗana ba ya kashe ni."

Na tambaye ta yadda aka yi ta biyo ni. Ta ce, "Na tashi na ga sabulu a kan dutse a gida. Wanda ya je wanki ba ya barin sabulu." Sannan ta ce, "Kada ka sāke. Ka ji ko? Kada ka sāke."

Na rungume tsohuwar nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar bayan majami'a.

Da Bitrus ya zo na gaya masa komai, har da ƙwayar da nake tofarwa. Ya zauna ya rufe fuska da hannu. Sannan ya ce, "Rifkatu, ni ban taɓa jin kunyarki ba. Ko sau ɗaya." Muka durƙusa mu uku da Dada muka yi addu'a, ita da yarenmu, mu da Hausa. Washegari ya mayar da ni asibiti, likita ya yi mini faɗa sosai, ya gyara mini magani. Na kira Godiya na roƙe ta gafarar marin nan.

Saura Kwanye.

Na yi ta kai da kawowa da Ubangiji a kan wannan. Na ce na yafe daga nesa, ya isa. Zuciyata ta ce bai isa ba. Bayan mun dawo Mubi, wata rana da yamma na ɗaura zane na tafi gidanta. Na same ta tana wanke-wanke a tsakar gida. Da ta gan ni kwano ya kusa faɗuwa daga hannunta. Ta kawo kujera, muka gaisa kamar baƙi.

Ta fara, "Maman Godiya, ai kin san halina. Wallahi ban yi da mugun nufi ba. Wasa ne kawai."

Na ce, "Na sani. To ki yi mini."

Ta ce, "In yi me?"

Na jawo robar kumfar da take wanke-wanke da ita, na ajiye a gabanta, na ɗora kofin ruwa a gefe. Na ce, "Wasan. Kowa ya gani da kyau, ni mai abin ta bayan katanga na leƙa. Ga kumfa, ga ruwa. Ki yi mini yadda kika yi musu, mu yi dariya tare."

Ba da fushi na faɗa ba, Allah ne shaidata. Ta kalli kumfar, ta kalle ni. Matar da ba wanda ba ta iya kwaikwayo, ta kasa ɗaga hannu. Sai ta zame daga kan kujera ta durƙusa ta kama ƙafata, daidai inda kunu ya ƙona ni, ta fashe da kuka.

Da ta samu numfashi ta ce, "Bari in gaya miki gaskiya. Tun da kika faɗi a Sabon Layi, mata suka fara ja da baya da ni. Suna cewa kofi ɗaya muke sha da ke, wai ni ma ina ɗauke da shi. Ranar nan wata ta ƙi karɓar ruwa daga hannuna. Sai na ji tsoro. Na ce bari in nuna musu ni ba irinki ba ce. Da suka fara dariya na ji sun dawo wurina, sai na kasa tsayawa. Na sayar da ke, 'yar'uwata. Na sayar da ke don a sha ruwa a hannuna."

A nan na fahimci mene ne ba'a. Mu a nan mun san wasa. Jika yana tsokanar kakarsa, abokan wasa suna yi wa juna tsiya a gaban kowa, a yi dariya a rabu ba wanda ya ji ciwo, domin ido da ido ake yi, kuma kowa yana da bakin ramawa. Ba'a kuwa ba ta iya tsayawa a gaban mai ita. Sai ya juya baya, ko ya faɗi ƙasa ba ya iya kāre kansa. Mai ba'a yana cewa ne, "Ku duba, wannan ba namu ba ne, ni naku ne." Yana tura ɗan'uwansa waje don shi ya samu wurin zama a ciki. Masu dariya kuma su ne suke riƙe masa ƙofa.

Na ɗaga ta na ce, "Na yafe miki, Kwanye. Ni ma ki yafe mini, na roƙa miki mugun abu a gaban Allah." Muka yi kuka tare a kan tabarmarta.

Ba zan ce muku komai ya koma kamar da ba. Ta tashi a taron zumunta ta roƙi gafara a gaban mata duka, da bakinta, ba wanda ya sa ta. Wasu daga cikin waɗanda suka yi dariya sun zo gida sun same ni. Wasu har yau ba su ce komai ba, sai dai su sunkuyar da kai in mun haɗu. Na yafe musu su ma. Ni da Kwanye muna gini a hankali. Akwai ranar da in ta yi dariya sai in ji wani abu ya soke ni, in koma in sāke miƙa wa Ubangiji. Kafin in tsaya a nan na je na nemi izininta in kira sunanta. Ta ce, "Ki kira. In kin ɓoye sunana, wata za ta ɗauka ba a cikinmu abin ya faru ba." Ga ta can a zaune, tulunta yana gabanta.

Ban warke daga farfaɗiya ba. Ina shan maganina kullum, kuma na gode wa Allah da ya ba likitoci sani, yanzu sai in daɗe ƙwarai abin bai zo ba. Na koma Sabon Layi da kulata. Amma daga kunya, daga ƙiyayya, daga muryar nan da ta kai ni cikin ruwa, Yesu ya 'yantar da ni sarai! Yau ana dariya a gidana, ni ma ina yi.

Iyayena da 'yan'uwana, ina roƙonku. Akwai mai i'ina a cikinmu. Akwai wadda ba ta haihu ba. Akwai wanda Hausarsa ba ta fita daidai, akwai wanda hankalinsa ya taɓu tun lokacin gudu bai dawo daidai ba. Kafin ka buɗe baki a kansa, ka tambayi kanka ko za ka iya yi yana kallonka. Kai kuma da ba ka fara ba amma ka taya da dariya, kada ka ce hannunka a wanke yake. Ba ka san ko wane ruwa mutumin yake tsaye a ciki ba.

Ke kuma da ake yi wa, kai da ake yi wa, kana zaune a nan ka yi shiru kana haɗiyewa, kada ka tafi wurin da na tafi. Kada ka rufe ƙofa kai kaɗai da muryar nan. Ka nemi mutum ɗaya ka gaya masa. Ka kira Yesu, ko da faɗa ne, ko da kuka ne. Ya san abin da kake ji, a fuskarsa aka yi masa. Ka dogara gare shi, ba zai bar ka ka nutse ba.

Abu na ƙarshe. Mai yiwuwa wata rana in faɗi a nan, a tsakiyar sujada. In hakan ta faru, kada ku gudu. Kada ku sa mini cokali a baki, kada ku danne ni. Ku kawar da benci, ku sa mini wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ku juya ni ta gefe. Sannan ku zauna kusa da ni har in dawo. In na buɗe ido, ina so in ga fuskokin 'yan'uwana a kusa.

Na gode wa Allah Uba da ya ba ni rai sau biyu. Na gode wa Yesu da bai ji kunyar kirana tasa ba. Ɗaukaka da girma su tabbata gare shi har abada.

Ikilisiya ta ce, Amin.